Wuƙar da Na Riƙe a Takaba

Ranar da aka kai maigidana makwancinsa, tun mutane ba su gama watsewa daga ƙofar gida ba, Gwaggo ta shigo ɗakina ta sa mini wuƙa a hannu. Gwaggo ƙanwar uban mijina ce. A Dancawo ta yi zaman aurenta, sai da tsufa ya kama ta ta dawo garinmu, kuma ita kaɗai ta rage cikin tsofaffin dangi, shi ya sa aka ɗora mata kula da takabata.

Ta ce, "Riƙe. Daga yau ko bayan gida za ki, da ita za ki. In kin kwanta ki sa ta ƙarƙashin kanki. Ba kwalli, ba turare, ba madubi. Ƙofar gida kuwa ki manta da ita. Kuma ki rage magana, mai takaba ba a jin muryarta a waje."

Na ce, "To, Gwaggo."

Kuka bai zo mini ba a lokacin, sai na tsaya ina kallon abin da ke hannuna. Irin wuƙar nan ce ta tire, wadda ake zubawa a kasuwar Magarya kusa da cokula da allurai, ƙotar roba shuɗiya, bakinta kamar murfin gwangwani. Na taɓa kaifin da babban yatsa yadda marigayi ya koya mini, ban ji komai ba. A raina na ce, a gidan mutumin nan a rasa wuƙar da za a ba matarsa sai wannan? Amma an ce in rage magana, sai na rage.

Shi ba maƙeri ba ne, ba mahauci ba. Manomi ne kamar kowa a garinmu, gero da gyaɗa da ɗan wake. Son wuƙa ne kawai Allah ya sa masa. In ya je kasuwar Bande ko ta Kwaya, abokan tafiyarsa su nufi wajen dabbobi, shi sai rumfar maƙera. Ya tsuguna, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ƙyasta waccan da farce ya kai kunne. Yakan ce ƙarfen kirki in ka taɓa shi sai ya ɗan ja murya, na banza kuwa ƙwas ɗaya ya yi shiru. Maƙera sun san shi har ajiye masa suke yi. Ba kullum yake saye ba. Sau da yawa da labari kawai yake dawowa, ya zauna yana cin tuwo yana kwatanta mini wani lauje da ya gani kamar mai ba da labarin amarya.

Yana da ɗan shago jikin zaure, shigifar ƙasa ce, ƙofarta waje take kallo amma bangonta ɗaya da ɗakina. Nan yake ajiye su, wasu rataye a turaku, wasu naɗe cikin fatar akuya. Akwai barhon da aka ƙera daga lam, wato ƙarfen sifirin ɗin mota, mai nauyi, wanda duk layya unguwa ke layi a kansa, shi kuma yana bin kowa da gargaɗi: kada a sara ƙashi da shi, a wanke a goge kafin a mayar. Akwai askar wani tsohon wanzami da ya daina aiki. Akwai ta mutanen Abzin mai jan kube, wadda ake sawa a damtse, bai taɓa yanka komai da ita ba, fito da ita kawai yake yi ya duba ya mayar. Akwai ta dukawa mai baki kamar jinjirin wata, da ƴan ƙanana na yankan gero, da adda, da wata karkatacciya ta fafe ƙwarya.

Ran Juma'a in ya dawo masallaci yake washi. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗauko dutsensa, ni in kawo ruwa a moɗa da man gyaɗa a ɗan kasko. Da kallo na fara, har wata rana ya miƙo mini ya ce in gwada. Ya nuna mini yadda ake kwantar da baki a kan dutse, ba a tsaye ba, ba a kwance sarai ba, a tura a hankali ana ɗiga ruwa. In na gama ya gwada a gashin hannunsa. Ya ce, "Kin fi ni hannu, sai dai tausayin ƙarfe ya yi miki yawa. Danna mana, ba ɗanki ba ne." Daga baya sai ya zama ni ke wasa ƙananan, shi manyan.

Cikinsu duka akwai wata ƙarama da ba ta kai tsawon tafin hannu da yatsu ba. Wani tsohon maƙeri a Kwaya ya ƙera masa ita lokacin ina da cikin fari. Ƙotarta ƙahon saniya ne da wani Bafillace maƙwabcin gonarmu ya ba shi, aka ɗaure wuyanta da jan ƙarfe. A wajenmu in mace ta haihu akan ajiye wuƙa wajen kan jariri har a gama wanka, kada a bar shi shi kaɗai ba ƙarfe kusa. Wannan ita ta kwana wajen kan duk ɗan da na haifa, waɗanda suka tsaya da waɗanda suka koma. Da aka yi wa ƴarmu ta fari aure a wani ƙauye na wajen Dungas, ranar da za a kai ta ya kira ta zaure, ina jin su. Ya ce, "Mai ƙahon nan taki ce. Ranar da kika zo gida haihuwa, ni da kaina zan sa ta wajen kan jikana." Ta rufe fuska ta gudu. Da ya rasu tana da ciki, ya sani, har ya fito da wuƙar ya shafa mata mai ya mayar cikin fatar.

Bayan addu'ar bakwai, Yaya, wan mijina, ya sa wa shagon kwaɗo ya jefa makullin a aljihu. Ya ce ba za a taɓa komai ba sai ƙaninsu da ke ci-rani a Aljeriya ya dawo an zauna an yi rabo. Yaya ba mugu ba ne. Tsoron baki yake yi, kada gobe a ce ya ci kayan marayu, ko ya bari an ci.

Sai ga damina.

Na san rufin shagon nan. Kusurwar gabas tana yoyo tun bara, marigayi ya kwaɓa ƙasa zai yi yaɓe ciwo ya kwantar da shi. Ruwan farko da aka yi, mutane na murna ana shirin shuka, ni ina zaune a kan tabarmar takaba na jingina da bango, sai na ji ɗis, ɗis, daga can ciki. Da aka yi na biyu, bangon ta wajena ya yi duhu daga sama, na sa hannu na ji sanyi. Tsakanina da wuƙaƙen bai fi kamu biyu na ƙasa ba. Da ina da iko da ƙafata, in fita zaure in juya hagu, shi ke nan. Amma ƙofar shagon a waje take, ni kuma waje ya haramta gare ni.

Wanda bai yi takaba ba yana zaton kewa ce ta fi wuya. Kewa tana nan, amma abin da ya fi cin raina shi ne zama. Mata su wuce bayan danga za su gona, ina jin ƙarar haiwarsu ta noma da dariyarsu. A dawo da labarin gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ban gani ba. Abin da nake gani shi ne tsakar gida, da randa, da ɗan sararin sama da ke tsakanin ɗakina da rumbu. In hadari ya taso ta nan nake ganinsa. Duk garin ana roƙon ruwa, ni ma ina cewa amin, amma in ya sauko sai in kasa kunne ga bango.

Wata safiya Yaya ya zo gaishe ni, ya tsaya bayan asabari kamar yadda ya saba. Gwaggo ta tafi gaisuwar rashin lafiya. Na yi ƙasa da murya na ce, "Yaya, shagon nan yana yoyo."

"Na gani. In an sami sarari za a sa leda."

"Ƙarfe ba ya jira, Yaya. Ko mai ƙahon nan kaɗai a fito da ita. Ya ba yarinyar nan, a gabana."

Ya ce, "Ya miƙa mata ta karɓa?"

"Bai miƙa ba. Ya ce sai ta zo haihuwa."

"To kin ji. Na tambayi malam irin wannan, ya ce kyautar da ba ta kai hannu ba gado ce. Ki yi haƙuri. In na buɗe don ke, gobe wani ya ce in buɗe don shi."

Na ce, "To." Ledar kuwa an sa, iskar farko ta ɗauke ta.

Da cikin ya tsufa aka kawo ƴar tawa goyon ciki a amalanken jaki. Ƴar fari ce, ba na kiran sunanta, ba ma doguwar hira, haka aka tashe mu. Sai dai ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wake, ni ina ciki, mu yi ta zama. Ita da Gwaggo ne ke cika gidan da surutu. Gwaggo ta ce, "Ke mai tulu a gaba, matsa in wuce, kin cinye hanya." Ita ta ce, "Hanyar ce ta yi miki kaɗan ko idon ne ya ƙare? Jiya fa akuya kika yi wa sallama." Gwaggo ta ɗaga sanda, su yi ta yi.

Rannan tana tsintar waken, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Inna, wuƙar Baba fa?"

Na ce, "Tana nan."

Ta dubi bangon da ya jiƙe, ta ci gaba da tsintarta.

Ba a daɗe ba wuƙar robar nan ta mutu. Ban yi mata komai ba, Allah ya sani. Igiyar shanya na so in yanke, bakin ya lanƙwashe, na miƙe shi, sai ya zare daga ƙotar ya faɗi ƙasa. Gwaggo ta gan ni riƙe da roba zalla, ta dafe ƙirji. Ta ce mai takaba ba ta yini ba ƙarfe, ga shi ba ranar kasuwa ba, ta girki kuwa ba a haɗa ta da wannan. Ta ja sandarta ta fita zaure inda Yaya ke zaune, ina jin su.

"Kawo makullin."

"Gwaggo, kayan gado ne. Kuma malam ya ce riƙon wuƙar nan ma ba ya cikin littafi."

"Malamin ya taɓa yin takaba? Ni na yi biyu. Na wanke ka kana tsumma, yau ni za ka karanta wa littafi? Kawo."

Na ji ƙarar makulli. Ta leƙo ta ce, "Ke, wacce zan ɗauko? Kin fi ni sanin tarkacen mijinki."

Na ce, "Cikin fatar akuya, Gwaggo. Ƙaramar, mai ƙotar ƙaho."

Abin da ke raina ke nan: in ta shigo hannuna ta tsira daga ruwa, in gyara ta, ranar haihuwa in miƙa. Ban yi tunanin komai bayan wannan ba.

Gwaggo ta dawo tana kaɗe zane, ta ce ɗakin wari yake kamar rijiyar da aka bari, fatar ta yi furfura, ƙarafan duk sun yi ja. Ta miƙo mini. Da ƙyar na zare ta daga kube. Tsatsa ta rufe ta kamar an ƙunsa mata lalle, wajen wuya har ta fara cin rami.

Ranar ban san yadda yini ya wuce ba. Na sa yara suka samo mini lemun tsami, na matse a kanta na bari ta sha. Na goge da toka, na koma da lallausan rairayi a tsumma. Dutsensa yana cikin shago, amma akwai wani ɗan guntu da na ajiye a gindin randa, na ɗauko na kwantar da bakin, ina ɗiga ruwa ina turawa. Jan ruwa yana gangarowa, fari yana fitowa kaɗan kaɗan. Na danna, kamar yadda yake cewa. Sai a nan kukan da ban yi ba ranar jana'iza ya zo, na yi abina a hankali ba wanda ya ji. Da la'asar na shafa mata man gyaɗa, na ƙyasta ta da farce na kai kunne. Muryarta tana nan. Ramin wuyan ne kawai bai fita ba.

Kwanakin da suka biyo na fi samun barci. Ko an yi ruwa, ina jin ɗigon, ina jin zafin sauran wuƙaƙen, amma ina laluba ƙarƙashin matashi in ji ƙahon nan mai santsi inda hannunsa ya cinye.

Wata hantsi muna zaune mu uku a inuwar rumbu, na ajiye ta a kan tabarma kusa da ƙafata. Rana ta haska ta. Ƴar tawa ta gane ta, fuskarta ta washe, ta miƙo hannu. Kafin yatsunta su kai, Gwaggo ta make hannun.

"Kul! Mai ciki da wuƙar takaba? Kina hauka?"

"Ta Baba ce fa. Ita ya ce za a sa wa jaririn."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Wannan ce ta jegon gidan nan?"

Na ce, "Ita ce."

"La ilaha illallahu. Ke ƴar nan, me kika yi? Ba ki san abin da mai takaba ta riƙe ba ya zama a gida ba? Ranar da kika yi wankan fita, zanen nan, da tabarmar nan, da ƙwaryar da kike ci, da wuƙar, duk tattarawa ake yi a ba wadda ta yi miki wanka, su bar gidan. Don me kike zaton na sayo miki ta roba? Don ba ni da ido? Ta banza ake saye, saboda tafiya za ta yi!"

Na sani. Kowace mace a garinmu ta sani. Na sha ganin an fita da ƙullin kayan takaba, amma zane da tabarma nake gani, ban taɓa lura da wuƙar ba, don kullum irin wadda ba a kallo ce. Tsatsa ta cika mini kai har na manta.

Gwaggo ta ce, "Me ya hana ki gaya mini tun ina bakin ƙofar?"

Na ce, "Kin ce in rage magana, Gwaggo."

Ta ce, "Wannan kuma ba ragewa ba ce, kashewa ce." Ba wanda ya yi dariya.

Yaya da ya ji, ya ce shi bai ga komai a ciki ba, ƙarfe ƙarfe ne, a wanke a ba yarinya, in ya so a lissafa cikin rabon uwarta. Na ji sanyi a raina, na dubi Gwaggo. Ta ce, "A ba ta. Ranar da yaron ya yi zazzaɓi, kai za ka je ka yi wa uwar mijinta bayani. Ka ce mata wuƙar da aka yi zaman mutuwa da ita muka sa masa a ka." Yaya ya sa takalmansa ya fita.

Ni da zan iya jure bakin mutane. Abin da ban iya ba shi ne abin da na gani wajen ƴata. Daga ranar in na zauna da wuƙar a hannun dama, sai ta koma hagu. In na ajiye ta a tabarma, ta ɗauke ƙafarta. Wata rana na fito daga ɗaki da ita a hannu muka yi kiciɓis a ƙofa, ta sa hannu biyu ta kare cikinta, sannan ta ji kunya ta sauke. Tsoro ya riga ya shiga. Ko da duk malaman Damagaram sun taru sun ce ba komai, ba za ta yi barci ba in wuƙar nan tana wajen kan ɗanta.

Sauran takabar haka na yi ta. Ajiye wuƙar ba dama, Gwaggo na kallo. Mayar da ita shago ba ya kankare komai. Ga ta a hannuna dare da rana, fes, tana aske gashi, ga mai ita zaune kamu ɗaya da ni, ba halin in miƙa. Har na riƙa cewa da na bar ta cikin ruwan, ko tsatsa ta ci rabi, maƙeri ya gyara, da tana nan tata. Wani lokaci kuma in ce da ta ruɓe gaba ɗaya. Ban san wanne ne gaskiya ba har yau.

Naƙuda ta zo mata da rana tsaka, gero ya fara nuna. Ta daɗe ba ta sauka ba, ungozoma ta ce a kai ta likita a Bande. Aka kawo amalanke ƙofar gida, mata suka riƙe ta suka fita da ita. Na bi su har bakin zaure ta ciki, nan ƙafata ta tsaya. Ina jin ana cewa a shimfiɗa bargo, a riƙe jakin. Ina jin ta tana kiran "Inna", ita da ba ta kirana da ƙarfi. Gwaggo ta waiwayo ta ce, "Koma ciki, addu'arki ta fi ƙafarki." Na koma na zauna a tsakar gida, ni da kaji, da wuƙa a hannu, har rana ta karkata wani mai babur ya zo ya ce an sauka lafiya, namiji.

Da suka dawo, Gwaggo ta kawo wuƙar girkinta, wata baƙa mai karyayyen tsini tana warin albasa, ta tura ƙarƙashin tsumman da ke wajen kansa. Ni in zan ɗauke shi sai na bar tawa a bakin ƙofa, na wanke hannu, in ɗan riƙe shi in mayar, don ba a so in daɗe ba ƙarfe. Goshinsa na kakansa ne sak.

Ranar fita takaba aka dama gumba aka raba, Gwaggo ta yi mini wanka, na sa sabon zane. Ta shimfiɗa tsohon ta zuba ƙwaryar da moɗar, ta naɗe tabarmar. Ta miƙo hannu. Na sa mata wuƙar a tafi. Ta jujjuya ta, ta gwada a bakin zanenta, zaren ya rabu ba ƙara. Ba ta sa ta cikin ƙullin ba, sai ta soke ta a ƙugu.

Aka ce in fita in ga gari. Na fita, hasken waje ya yi mini yawa. Ban je ko'ina ba, na tsaya gaban shagon ina kallon kwaɗon.

Sai bayan an gama kaka ƙanin nasu ya dawo aka buɗe. Barhon ya tsira, Yaya ya kai shi maƙera aka gyara, har yanzu shi ake ara da layya. Askar wanzamin ta ruɓe kamar ganye. Ta Abzin ta manne da kubenta, da aka ja sai ƙotar ta fito ita kaɗai. Ƙananan na yankan gero da lauje aka ba ƙannen yarinyar, ni na goge su, suna aiki. Sauran kuwa, masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe su. Dutsen washin ba wanda ya nema, na ɗauka.

Ƴar tawa ta ƙarasa wankanta a gida. Kullum da safe Gwaggo ke zuwa ta yi wa jaririn wanka, ta ɗora shi a cinya tana shafa masa mai tana cewa, "Maigidana, yau ma ba ka ba ni kuɗin cefane ba, sai kuka." Kansa yana daidai ƙugunta, inda ƙahon ya ɗan leƙo daga zane. Na gani. Ina jin uwar ma ta gani.

Bayan sun koma Dungas na sami Gwaggo ita kaɗai tana kankare goro da wuƙar, don haƙoranta sun ƙare. Na zauna, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Gwaggo, yanzu da ta zama taki, in kin ba yarinyar nan ai kyautarki ce."

Ta ce, "Daga hannuna ma ta takaba ce, kowa ya san inda na samo ta. Amma in na mutu ta zama kayan gado, shi kuwa gado ba ruwansa da takaba. Na gaya wa wan mijinki, tata ce. Sai ku jira." Ta jefa goro a baki ta dube ni ta gefen ido. "Ko kina gaggawa?"

Na ce, "Allah ya ƙara miki lafiya, Gwaggo."

"Amin. Ki faɗa da ƙarfi, yanzu ai kin fita takaba."

Yaron yanzu yana gudu, yana bin awaki. Uwarsa tana da wani cikin. Gwaggo tana nan garau, ta fi ni cin tuwo. Goro take kankarewa da wuƙar, da rake, da igiya, har ƙusa na taɓa ganin tana ɓanɓara da ita. In ta dakushe ba ta jira na, sai ta goga ta a bakin siminti na rijiya, duk na roƙe ta ta daina. Ran Juma'a in ta tuna takan zo ta jefo mini ita a tabarma ta ce, "Ungo, gyara mini, ke ce mai hannu." In ɗauko dutsensa da moɗar ruwa. Bakin ya sirance, ya fara shiga ciki ta tsakiya, ramin wuyan kuma yana nan. Yanzu ba na dannawa. Ina tura ta a hankali yadda ƙarfen ba zai ci da yawa ba, in shafa mata mai, in mayar mata.